Jinin Tsuntsayen Tsibiri da Biron Yayana

A Libirabil, babban birnin Gabon, aka fara koya mini hankali, tun ban ga tsibirin da na fito dominsa ba. Na sauka daga jirgin Legas da jaka ɗaya da akwatin kayan aiki, sai ɗan Faransancin sakandare wanda bai wuce gaisuwa ba. Aka ce mini ƙaramin jirgin da ke zuwa tsibirin Sawo Tome ya lalace, babu wanda ya san ranar gyaruwarsa. Ina tsaye ina zare ido sai na ji an ce daga bayana, "'Yar'uwa, daga Najeriya?"

Da Hausa fa! Na juya na ga wani mutum fes da shi, da jakar hannu da takalmi mai sheƙi. Ya ce sunansa Ɗanjuma. Da na ce daga Samarun Zariya nake, sai ya dafe ƙirji ya ce ai shi a Sabon Gari aka haife shi. Ya ambaci Kwangila, ya ambaci Hanwa, har ya tambaye ni ko motocin Samaru suna nan da lodinsu na rashin imani. Ni kuwa, sakarya, har da ƙwalla don murna. Ya ce in bar zancen jirgin sama, akwai na ruwa da zai tashi washegari, shi zai yankar mini tikiti. Da safe ya kai ni bakin tashar jiragen ruwa, ya karɓi kuɗin, ya ce in jira shi a gindin wani mangwaro. Na jira tun hantsi har inuwar mangwaron ta juya ta bar ni a rana. Har yau Ɗanjuma yana can yana yankar tikiti.

Wata mai sayar da shinkafa ce a gefen titi ta gaji da kallona. Ta aiko mini da ruwa, na ce na gode, sai ta ajiye ludayi ta taso da kanta.

"Maimaita abin da kika ce."

Na maimaita.

"Bazazzagiya ce wallahi! Me ya kawo ki nan, 'yar nan? Waye ya bar ki a rana kamar shanya?"

Hajiya Mairo ke nan, mutuniyar Kano, ta fi shekara ashirin a garin. Da ta ji abin da ya faru, sai da ta wanke ni tas kafin ta ba ni abinci. Ta ce duk wanda ya yi miki Hausa a ƙasar wasu ba shi ne ɗan'uwanki ba, wani da ita yake farauta. Ta kai ni ɗakinta a unguwar Hausawa, na kwana tara a kan tabarmarta. Ta tambayi sunana, na ce Rahila, ta ce to, ta gane. Ranar Lahadi ita ta raka ni har ƙofar wani coci, ta ce in na fito in same ta wurin shinkafa.

A rana ta biyu, muna tsintar shinkafa, ta tambaye ni abin da zan je yi a tsibiri. Na ce jinin tsuntsu zan ɗebo.

Ta ja da baya. "A'uzu billahi! Tsafi kuke yi a jami'ar?"

Na yi dariyar da rabona da ita tun Zariya. Na yi mata bayani yadda na yi wa Babana. Akwai wani ɗan tsuntsu a tsibirin, bai kai babban yatsa biyu ba, kore-kore, da farin zobe kewaye da idonsa. Wasu suna zaune a dajin kan dutse, wasu a ƙasa cikin gonakin koko. Kakanninsu daga babbar ƙasa suka ƙetara teku tun zamanin da ba wanda ya sani, ƙila 'yan kaɗan ne iska ta kwaso. Jini yana riƙe da asali. In aka duba shi a ɗakin gwaji, ana iya gane ko kakannin suna da yawa ko kaɗan ne, ko an taɓa yin lokacin da suka kusa ƙarewa, da kuma ko na kan dutse da na ƙasa har yanzu suna auratayya. In na kan dutsen sun ware, suna ta auren gida su kaɗai, jininsu zai zama iri ɗaya, ciwo guda sai ya share su.

Hajiya ta jinjina kai. "Wannan kam na gane. Akwai wani gida a unguwarmu da haka ta cinye su. To ke me za ki samu?"

Na ce digiri na biyu. Sai kuma na gaya mata abin da ban yi niyyar faɗa ba. Babana tsohon hedimasta ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara guda kafin tafiyata. Kullum yana zaune a kujerar katako gindin dalbejiyar gidanmu a Samaru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ranar da zan taho ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Uwata, rigar nan ta digiri nake jira. In na gan ki a cikinta, sai Ubangiji ya sallami bawansa." Malamina mai duba aikina ya lissafa mini: wata uku a tsibiri, wata shida na gwaji da rubutu, sai rigar. Likita kuwa bai yi mana alkawarin komai ba.

Hajiya ta ƙara mini nama a kwano. Ranar da jirgin ya gyaru, ta sa mini garin rogo da ƙuli-ƙuli a leda, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce in gaishe da Baba.

Kafin in kai ku tsibirin sai na faɗi wani abu game da gidanmu, don a kansa komai ya rataya. A gidan Baba, fensir na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne. Ranar da ka shiga aji huɗu zai kira ka, ya karɓe fensir, ya damƙa maka biro, ya ce, "Mai rubutu da fensir yana shirin gogewa ne. In ka san gaskiya ce, rubuta ta da abin da ba ya fita." Na sha rula a bayan hannu saboda wannan. Yayana Iliya ya sha fiye da ni, kuma abin dariya, shi ne ya ƙare da shagon littattafai da kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari. Da zan tafi ya ba ni kyautar baƙin biro guda uku masu kaurin baki, irin na rubutu a kan roba. Ya rubuta sunana a murfin bokiti, ya zuba ruwa, ya goga da sabulu, ya ce, "Kin gani? Wannan ko a tashin matattu yana nan."

Sawo Tome kore ne har ya gundure ni. Ni da na saba in tsaya a Samaru in hango gari har ƙarshen ido, sai ga ni inda ko'ina ganye ne da tururi. A can na haɗu da Dokta Ana, Baturiyar da ke haɗin gwiwa da malamina. Mako biyu ta yi da ni. Ta koya mini kafa raga tsakanin itatuwa, da yadda ake zare tsuntsu ba a karya masa ƙafa ba, da yadda ake hura gashin ƙarƙashin fiffike a tsaga jijiya da bakin allura. Ɗigo biyu kawai ake ɗauka, a zuba a 'yar kwalbar roba mai sipirit a ciki don kada jinin ya lalace. Sai a manna farar takarda a jikin kwalbar a rubuta lamba, a rubuta lambar a littafi tare da wurin da aka kama shi, a sa masa zobe a ƙafa, a sake shi.

"Da fensir," in ji ta. "Kullum da fensir."

Na ce to. A raina na ce saboda ruwan sama ne, ita ba ta san irin biron da ke jakata ba. Ban tambaye ta dalili ba. Girman kai ne, ba wani abu ba: ba na son Baturiya ta ga kamar 'yar Najeriya ba ta san abu ƙarami irin wannan ba.

Da ta tafi, ta bar ni a hannun wani dattijo, Manuwel, da matarsa Roza, a wani ƙauye na tsofaffin ma'aikatan gonar koko. Manuwel ya yi ƙuruciyarsa yana kama tsuntsaye yana sayarwa, ya san kukan kowanne. Ya taɓa aiki a Gabon, don haka da guntun Faransancinsa da guntun nawa da nuni da hannu muka rayu. Ba ya iya cewa Rahila, sai Rakel.

Watan farko a gonakin koko muka yi shi, ba laifi. Abincin ne ya fi ƙarfina. Ayaba da safe, ayaba da rana, kifi, sai wani ƙaton dodon koɗi da suke ci da marmari, ni kuwa ina gani sai in kau da kai. Sau ɗaya a wata nake shiga gari in buga waya shagon Yaya Iliya, shi kaɗai ke da wayar hannu a danginmu a lokacin, sabuwar shigowarta Zariya ke nan. Kullum maganarsa guda: "Baba na nan, yana tambaya saura kwana nawa."

Dutsen ne ya gwada ni. Tafiyar yini guda ce a ƙafa, cikin taɓo, kaya a ka, Manuwel yana gaba da adda yana sara hanya yana duba baƙin macijin da mutanen tsibirin suke tsoro. A sama hazo ba ya tashi sai rana ta yi tsaka. Tufafi ba sa bushewa, ashana ba ta kamawa, ƙafafuna suka yi fari suka tsattsage. Tsuntsayen kuma ba su da yawa. A ƙasa mukan kama biyar a yini, a sama sai mu kwana uku raga ba ta motsa ba. Na zauna a kan gungume na yi kuka sau da yawa, ba don komai ba sai don ina son in ji wani ya ce mini sannu da Hausa.

Wata safiya muka kama guda, hannuna yana rawa don sanyi. Na tsaga jijiyar, jini ya ƙi tsayawa. Na danna auduga, na hura masa iska, na yi addu'a, ina jin bugun zuciyarsa a tafina har ya daina. Ko nauyin ƙwallon goro bai yi ba. Manuwel ya karɓe shi daga hannuna, ya tona ƙasa da bakin adda ya rufe shi. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna kwalbar da jinin yake ciki, ya haɗa kalmomin da zan gane, ya ce, "Rakel, wannan ya biya da yawa. Ki kula da shi." Ita ce lamba hamsin da biyu.

Da muka sauko zazzaɓi ya kayar da ni kwana shida. Ina cikin rawar ɗari ashe ina ta kiran tuwo. Roza ta tambayi mijinta, shi ma bai sani ba, sai da na farfaɗo na kwatanta mata da hannu. Baiwar Allah ta daka masara a turmi, ta tankaɗe da tsumma, ta tuƙa wani abu mai gudaji, ta yi miyar kuɓewa da kifi. In a gidanmu ne aka kawo wannan tuwon, sai an yi wa mai tuƙin dariya har mako. Na cinye shi tas ina hawaye, ita kuma tana tsaye tana shafa mini kai tana magana da yarensu.

Kwalba saba'in da huɗu na tara, daga ƙasa da kan dutse. Saura kwana biyu in tafi, na baje su a kan teburin Roza na duba. Rubutun fensir ɗin ya yi mini muni ƙwarai. Ya dushe, ga taɓo, ga shatin yatsa, wani bakwai ɗin kamar ɗaya. Na ce haba, wannan ƙazantar zan kai gaban malamina? 'Yar hedimasta guda? Na ɗauko sabuwar takardar manne da biron Yaya. Ɗaya bayan ɗaya nake ɓare tsohuwar, in manna sabuwa, in rubuta lamba baƙi wuluk da hannuna mai kyau. Manuwel ya tsaya a kaina, ya ɗauki fensir ya miƙo mini, ya ce, "Dokta Ana." Na yi murmushi, na ɗiga ruwa a kan rubutun na goga, na nuna masa. Ya ɗaga kafaɗa ya fita. Na gama sittin da uku, sai maƙwabta suka shigo yi mini sallama, sha ɗaya suka rage da fensirinsu. Har haushi na ji da ban ƙarasa ba.

Allah ya sani na san sipirit yana cin tawada. Da shi muke goge allo a sashenmu. Amma na ce ai sipirit yana ciki, rubutu yana waje, me zai haɗa su?

A filin jirgin Legas wani jami'i ya ce in buɗe akwati. Aikinsa yake yi, ga takarduna ya duba, amma sai da ya zazzage kwalaben duka a kan tebur ya ɗaga wasu ya kalla. Na kwashe su na mayar yadda suka zo hannuna, na ƙasa da na dutse a cakuɗe. Ban damu ba, kowace tana da lambarta. A cikin akwatin akwai babbar gorar sipirit da ta rage, na ce ba zan zubar ba, sashenmu na buƙata. Na shiga doguwar mota zuwa Zariya, aka cusa akwatin a ƙasa, aka ɗora masa buhunan wani ɗan kasuwa.

A Kwangila na sauka da hantsi. Tun da yaron mota ya miƙo akwatin na ji wari. Ban buɗe ba. Na ɗauki tasi har Samaru ina riƙe da shi a cinya, ina ce wa kaina ƙila murfi ne ya ɗan saki. Ko gida ban biya ba, na wuce ɗakin gwaji na rufe ƙofa.

Gorar ta fashe. Kwalaben suna kwance cikin wani ruwa shuɗi-shuɗi, takardunsu fari fat, kamar ba a taɓa sa musu hannu ba. Na ɗaga ɗaya, na ɗaga biyu, na kai su taga. Babu ko inuwar lamba. Jinin yana nan lafiya a ciki, littafina yana nan da kowace lamba da wurinta, amma abin da zai haɗa su ya tafi. Guda sha ɗayan nan da ban samu gyarawa ba, su kaɗai ne rubutunsu ke nan raɗau, sipirit ma wanke musu taɓo ya yi. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a ƙasa, na ma kasa kuka.

Da yamma na je gida na gaishe da Baba. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Ya riƙe hannuna da na hagunsa, ya ce, "An samo asalin tsuntsun?" Na ce an ɗebo jini, Baba. Ban yi ƙarya ba, amma ban iya kallon idonsa ba.

Washegari na tafi Sabon Gari wurin Yaya Iliya. Kasuwa ta cika, maƙwabcinsa Inyamuri mai sayar da jakunkuna yana ta yi mini barka da zuwa da Turancin kasuwa, yana tambayar tsarabarsa. Na ja Yaya cikin shago na gaya masa. Ya zauna a kan katan ɗin littattafai ya riƙe kai.

"Birona ne?"

"Ba bironka ba ne, Yaya. An ce mini fensir, na ƙi ji."

"To a gwada jinin mana, ba zai nuna na dutse da na ƙasa ba?"

"Abin da muke son sani ke nan. Sai na san inda kowanne ya fito kafin in ce sun bambanta ko ba su bambanta ba."

Sai ya ce, "Nawa ne na dutse a cikin waɗanda suka goge?"

"Ashirin da biyu."

"To ki ware ashirin da biyu ki ce su ne. Ke kika ɗebo su, ai ba za ki rasa ganewa ba."

"Yaya!"

"Kar ki yi mini Yaya. Tsuntsu zai kai ki ƙara ne? Rahila, kin ga Baba jiya da idonki. Ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi bayi. Wata shida zai iya, in Allah ya so. Shekara biyu fa? Ki duba ni ki ce zai kai." Ya juya mini baya. "Abu guda ya roƙa a duniya."

Na tashi na fita. A motar komawa Samaru maganarsa ta yi ta yi mini daɗi a kunne. Ai kuwa kamar na tuna na kan dutse jininsu bai cika yawa ba, don hannuna yana rawa. Kamar kuma murfinsu ya fi datti. Ba ƙarya zan yi ba, in ji ni, tunowa zan yi.

Na shiga ɗakin gwaji da azahar, ba kowa. Na jera kwalaben a kan tebur, na fara ware masu ƙarancin jini gefe guda. Na manna sabuwar takarda, na rubuta arba'in da takwas. Na rubuta arba'in da tara. Hamsin. Hamsin da ɗaya. Na ɗauki ta gaba zan rubuta hamsin da biyu, sai hannuna ya tsaya. Wannan lambar na san mai ita. Na san inda yake kwance. Kwalbar da ke hannuna kuwa, Allah kaɗai ya san ko ta wane ce, ƙila ma ta wani ce da ke can yana tsalle a gonar koko. In na sa masa jinin wani, takarda za ta ce na dutse suna lafiya alhali ƙila suna ƙarewa, ko ta ce suna ƙarewa alhali lafiyarsu lau, kuma wani zai karanta ya yarda.

Sai na dubi abin da nake rubutu da shi. Fensir ne. Biro biyu suna aljihun jakata, amma hannuna da kansa ya tsallake su ya ɗauko fensir, kuma ba don tsoron sipirit ba. Na zaɓe shi ne don in lissafin bai yi daidai ba in goge in sake. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har na waiga ko akwai mai kallona.

Na ɓare takardun huɗu na yar. Na ɗauko babban littafin da ake shigar da duk abin da aka kawo ɗakin gwaji. Na shigar da sha ɗayan nan da lambobinsu da wurarensu. Sauran kuwa, layi sittin da uku, a gaban kowanne na rubuta da biro: ba a san inda aka kama shi ba. Sai na ɗauki littafin na tafi ofishin malamina.

Ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya cire tabarau ya murza ido. Na gaya masa komai, har da huɗun da na fara.

"Kin san sha ɗaya ba za su yi digiri ba?"

"Na sani, Malam."

"Sai kin koma. Ba bana ba, ƙila ba baɗi ba, sai an sake samun hali. Zan rubuta wa Dokta Ana, ba kuma zan ɓoye mata wautarki ba." Ya rufe littafin. "Amma zan ce mata ke nake so a sake turawa."

Na roƙe shi ya ara mini littafin na yini ɗaya. Ya dube ni, ya miƙo mini, bai tambayi dalili ba.

Baba yana gindin dalbejiya, Yaya Iliya ya dawo daga kasuwa yana yanke masa farce. Na durƙusa na faɗi abin da ya faru tun daga teburin Roza. Yaya ya sunkuyar da kai. Da na zo wurin shawarar da aka ba ni, ban ambaci sunan kowa ba, na ce zuciyata ce. Baba ya ce a ɗauko masa tabarau. Na buɗe littafin a cinyarsa, ya sa yatsan hagu yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duba rajistar 'yan makaranta, bai tsallake ko guda ba. Kaji suna ta tono a gefenmu.

"Shekara nawa?" ya ce.

"Biyu, Baba. Ko fiye."

Ya gyaɗa kai. Ya san abin da hakan ke nufi, mu ma mun sani. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa da ba ya motsi, Yaya ya share masa da bakin riga.

"Ni na hana ki fensir," ya ce.

"A'a, Baba, ni ce..."

Ya ɗaga hannu na yi shiru. Ya sake dafa shafin, ya goga yatsansa a kan rubutun da ƙarfi, ya ɗaga ya duba yatsan.

"Wannan da biro kika rubuta."

"E, Baba."

"To, Uwata. Bar rigar. Na ga wannan."

Bai ga ƙarshen daminar da ta biyo ba. Muka binne shi ana yayyafi, tsofaffin ɗalibansa suka cika coci har waje. Na yi kukan rashinsa, na kuma yi kukan rigar, kuma ba zan ce muku ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko Yaya ne ke da gaskiya ba.

Sai bayan shekara biyu da 'yan watanni aka sake tura ni. Yaya Iliya ya rufe shago ya raka ni Kwangila. Mota na shirin tashi ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, an naɗe da takardar jarida an ɗaure da zare. Fensir ne guda goma sha biyu. An feƙe su da reza, fiƙar duk a karkace, wani bakin ya yi tsawo, wani an ci rabin katakon.

"Satin da kika kawo masa littafin ya ce in kawo su daga shago," in ji Yaya. "Na ce zan feƙe, ya ƙi. Ni nake riƙewa, shi yana fiƙa da hagu. Kwana huɗu muka yi. Ya ce in ajiye sai ranar da za ki koma."

Manuwel yana nan da ransa, Roza ma, ta sake tuƙa mini tuwonta mai gudaji. Muka hau dutsen, muka kafa raga kusa da inda muka rufe lamba hamsin da biyu. Da fensiran Baba na rubuta lambar kowace kwalba. Rubutun ya dushe, taɓo ya ɓata shi, na bar shi yadda yake har Samaru.